Damin Gaisuwa

Idan mutumin garinmu ya dafa kafaɗarka ya ce, "Ai mu duka ɗaya ne," to ka koma gida ka duba awakinka ko sun cika. A garin aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakana kuma yana kwance a maƙabartar da ke bayan filin Idi. Duk da haka, da zarar an zo maganar gona, sai a tuna cewa mu baƙi ne. Ba na son garin nan, kuma ban ga abin da zai sa in ɓoye ba. Ina koyarwa a wata firamare a Tambuwal, a can nake zaune da iyalina, kuma ba don Inna tana raye ba da ko hanyar ban sake bi ba.

Ƙauye ne ƙarami a ƙasar Kebbe. In ka bar kwalta ka yi kudu, sai babur ya gama girgiza maka hanji kafin ka hango rumbunansa. Tarihinsa gajere ne, ko da yake masu ba da shi sun iya ja masa tsawo. 'Yan'uwa uku ne suka zo da gatura, suka sari daji kusa da wani tafki, suka kafa bukkoki. Zuriyarsu ce ta zama gidan maigari, da gidan liman, da wani babban gida da muke kira gidan gabas. Duk ƙasar da ido ke iya gani wai tasu ce, saboda kakanninsu ne suka fara sa mata gatari, har da wuraren da gatarin bai taɓa zuwa ba. Mu sauran, da wanzamai da maƙera da duk wanda kakansa ya makara bai zo ranar saran daji ba, aro muke nomawa.

Kakana da shanu ya zo. Yana wucewa ne kawai, sai wata muguwar shekara ciwo ya shiga garken, ya wayi gari da 'yan ƙalilan, ga mata ga yara. Ya je gidan gabas ya durƙusa ya roƙi wurin da zai jefa iri. Suka kai shi yamma da gari suka nuna masa wani fako a kan gangare, jar ƙasa mai tauri da ko ƙarangiya ba ta fitowa a kai. Har yau 'yan gidan suna ba da labarin a matsayin alherin da aka yi mana. Ni dai na san ba su ba shi ba sai don ba sa so.

Shi kuwa ya kafa turaku a wurin. Duk rani shanunsa a can suke kwana, in sun cika nan da kashi ya matsar da turakun gaba. Ya jera duwatsu a gicciye, ya dasa gamba layi-layi don ruwan da ke gangarowa ya tsaya ya shiga ƙasa. Ya mutu Baba ya ɗora daga inda ya tsaya. Lokacin da na yi wayo, babu gona kamar tamu a yammacin garin. Ƙasarta ta yi baƙi, in ka damƙa sai ta dunƙule a hannunka, geron kuma yakan rufe mutum a kan jaki. Masu wucewa sukan tsaya su ce, "Kai, gonar gidan gabas ta yi kyau bana."

Aro a garinmu yana da dokoki biyu, kuma duk yaron da ya isa riƙe fartanya ya san su. Ta farko, duk kaka, kafin ka sa zangarniya ɗaya a rumbunka, za ka ɗaura dami guda na gero ka kai wa mai gona har ƙofar gidansa. Damin gaisuwa muke ce masa. Ba don abinci ake karɓa ba, dami ɗaya bai ciyar da gida irin na gabas ko na kwana uku. Ana karɓa ne don kada ka manta, kuma don jama'a su gan ka da rana tsaka kana kora jaki zuwa ƙofar wani. Ta biyu, ba ka dasa itace. Wanda Allah ya tsiro da shi, gawo ko kalgo ko aduwa, wannan ba laifi. Amma itacen da hannu ya dasa yana nufin mai hannun ya zo zama ke nan. Shi ya sa a duk faɗin gonarmu inuwa ɗaya ce, ta wata aduwa mai ƙaya, kuma a ƙarƙashinta muka sha furar rana tun ina ƙarami har na yi gemu.

Mai gidan gabas a zamanin Baba wani dattijo ne da kowa ke kira Tsoho. Ya girmi Baba da kusan shekara goma, Baba kuma Yaya yake ce masa. Sun yi zaman mutunci, wannan ba zan hana ba. In saniyarmu ta haihu, Inna takan aika musu da nono. In rumbunsu ya tsage, Baba ne ke zuwa ya yaɓe.

Shekarar da na fara koyarwa, na zo gida hutu a kan kaka, na raka Baba kai damin. Muka tarar da Tsoho a zaurensa da hantsi, wanzamin gari yana yi wa wani aski a gefe, ladan kuma yana zaune yana jan carbi. Muka sauke damin, muka gaisa. Tsoho ya daɗe yana kallon damin, sannan ya kalli Baba.

"Wahalag ga ta isa hakanan," in ji shi. "Ubanka ya kawo ma ubana, kai kana kawo man, shekara nawa ke nan? Gonag ga ku kunka yi ta, mu fako munka ba ku. Na bar maka ita duniya da lahira. Kak ka sake kawo man dami."

Baba ya zame daga tsugune ya zauna dirshan a ƙasa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ya ce, "Yaya, Allah shi saka da alheri. Allah shi jiƙan magabata." Ladan ya ɗaga hannu ya yi fatiha, wanzami ya ajiye aska ya shafa tare da mu. Ku riƙe wannan da kyau, ladan ne da kansa ya yi fatihar.

A hanyar komawa na ce, "Baba, mu sayi goro mu koma, a kira maigari da liman su shaida. Ni sai in rubuta takarda ya dangwala hannu."

Baba ya ja ya tsaya a tsakiyar hanya. Ni ɗan fari ne, bai taɓa kama sunana ba, in ya ji haushina sai ya ce Malam. "Malam," in ji shi, "mutum ya yi maka kyauta da bakinai, kai ka koma ka ce mai shi kawo shedu? Ƙarya kaka ganin shina yi? Bokon ga naku ba ya da kunya."

Ba wai Baba bai san ƙa'ida ba ne. Kowa ya san kyautar gona da goro ake yinta, a gaban maigari da liman. Amma mai bayarwa ne ke kiran jama'a. Wanda aka ba, in ya buɗe baki ya nemi shaida, ya zama marar tarbiyya, ya ƙaryata babba a gidansa. Baba ya gwammace ya rasa komai da a ce ya yi haka. Tsoho kuwa bai kira kowa ba. Ko mantawa ya yi, ko gani ya yi maganarsa ta isa, ko kuwa yana son samun lada ne amma ba ya son fuskantar 'ya'yansa. Na daɗe ina zarginsa da na ukun, kuma har yau ban janye ba.

Nawa laifin ya zo bayan shekara uku. Ni ne na sayo dashen mangwaro shida a Tambuwal, na ɗauro su a kwali a bayan babur, ina ta fama da ramuka kada su karye. Raina ne yake so in ga mun zauna a inuwar da muka dasa da hannunmu, ko sau ɗaya, kamar sauran mutane. Baba ya bar su a gindin randa kwana biyu yana kewaya su. A rana ta uku ya ɗauki sungumi ya tafi da su gona, shi kaɗai. Da rani yakan cika jarkoki a tafki ya ɗora a amalanke ya je ya ba su ruwa, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki. Biyu suka mutu, huɗu suka kama. Tsoho ya gan su da idonsa wata rana yana dawowa daga jana'iza, ya yi dariya ya ce in sun yi 'ya'ya a fara da shi. Haka kuwa aka yi. Kwandon farko gidan gabas aka kai, 'ya'yansa da jikokinsa suka sha har gwiwar hannu.

Shekara takwas bayan kyautar, Tsoho ya rasu. Baba yana cikin waɗanda suka haƙa kabarin. Gida ya koma hannun babban ɗansa, wani Alhaji mai sayen hatsi a kasuwar Kebbe, yana da babura uku da ake yi masa kabu-kabu da su. Bai san gero da maiwa ba sai sun shiga buhu. Bakinsa kamar an shafa zuma, ko daga nesa ya hango mahaifina sai ya rage tsawo ya ce, "Baba, ina kwana, ina gajiya." Na fi tsoron irin wannan gaisuwar a kan zagi.

Da kaka 'yan gidan gabas ba su ce komai ba. Sanyi ya wuce ba su ce komai ba. Sai da shanunmu suka gama kwanan rani a gonar, sai da Baba ya kwashe takin gida ya baza ko'ina, mangwaron kuma ya yi 'ya'ya har rassa suna sunkuyawa, sannan ɗan aiken maigari ya yi sallama a ƙofarmu. Aka kira ni a waya, na bar aji na taho.

A ƙofar maigari aka zauna bayan la'asar, kusan duk magidantan gari suna nan. Alhaji ya fara, da tattausar muryarsa. "Ranka shi daɗe, mu ba rigima muka so ba. Baba ubanmu na. Amma shekara takwas ba mu ga dami ba, sai itace munka gani, har fuɗu. Shi na munka ce a tambaya, ko gonar ta tashi daga aro ba mu sani ba."

Baba ya faɗi yadda aka yi, bai ƙara ba bai rage ba. Maigari ya ce, "Gaban wa anka yi?" Baba ya nuna wanzami da ladan, hankalinsa kwance, don a ganinsa magana ta ƙare.

Wanzami ya sunkuyar da kai yana tsinkar bakin tabarma. "Ni aski nika yi lokacin," in ji shi. "Hankalina na ga aska, kar in yanke mutum."

Ladan ya gyara murya. "Na ji dai an yi maganad dami. Amma kun san kunnuwana sun yi nauyi."

Wannan ladan kuwa, in aka buɗe ƙullin goro a ƙarshen gari yana ji daga masallaci. Na san abin da ya toshe masa kunne, 'yarsa tana aure a gidan gabas. Wanzami kuma gonar da yake ci aron gidan gabas ce. Su biyun ma da sauƙi, suna da abin tsoro. Sauran fa? Tsoho ya sha faɗa a ƙofar masallaci cewa ya bar wa Baba gona, babu magidancin da bai ji ba. A cikinsu akwai waɗanda Baba ya ba aron shanun huɗa kyauta, akwai wanda Baba ya ɗauki matarsa a amalanke zuwa asibiti tana naƙuda. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Wani yana kallon sama, wani yana sosa ƙafa, wani ya tuna yana da tari. Duka suka yi kunnen uwar shegu.

Na miƙe na ce ni ina wurin, da kunnena na ji. Maigari ya ce, "Ɗa ba ya shedar ubanai." Daga nan ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba. Na ce wa ladan ya ji tsoron Allahn da yake kira sau biyar a rana. Na ce wa Alhaji mangwaron da ya sha bai gama narkewa a cikinsa ba. Na ce garin nan kaf babu namiji. Ban yi nadamar ko ɗaya ba, abin da ya dame ni kawai shi ne ban gama ba Baba ya daka mini tsawa.

"Zamna!"

Na zauna. Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, amma na zauna.

Maigari ya yi abin da suke kira sulhu. Ya ce tunda babu shaida, gona tana nan a matsayin aro. Amma saboda zaman tare da aka gada, ba za a tashi Baba ba. Ya sare itatuwan, ya ci gaba da kai dami kamar da, shi ke nan. Alhaji ya ce shi ma abin da yake so ke nan, a zauna lafiya. Jama'a suka ce madalla, aka shafa fatiha, ladan ne ma ya sake yi.

A gida na roƙi Baba mu kai magana gaban alƙali a Kebbe. Na ce akwai doka, shekara takwas mutum yana noma ba dami, mai gona yana raye yana gani, wannan kaɗai hujja ce. Inna ma ta sa baki, ita da ba ta cika magana a gabansa ba. Baba ya ce, "Ba ni kai ɗiyan Yaya ƙara, ƙasa ba ta gama cin shi ba. Kuma mangwaro ka cishe mu ko gero? In gona ta tsaya, a sare." Abin da yake tsoro ke nan, kada gonar ta fita hannunsa. A kan haka zai iya haɗiye komai, kuma sun san zai haɗiye.

Washegari da safe ya ɗauki gatari. Na ce in karɓa ya hana, ya ce wanda ya dasa shi zai sare. Na tsaya a bakin gona ina kallo. Itacen mangwaro ba shi da tauri, amma Baba ya daɗe a kan na farko, don kowane sara sai ya tsaya ya duba kamar yana neman inda ba zai yi ciwo ba. Da ya faɗi, ɗanyun 'ya'ya suka watse ko'ina a kan takin. Hanyar tafki ta bi ta gefen gonar, mutane suna ta wucewa, kuma babu wanda ya wuce bai yi gaisuwa ba. "Sannu da aiki!" Haka suke ce masa, waɗannan da suka yi shiru jiya. Shi kuma yana amsawa, "Yawwa, sannunku." Kafin azahar ya gama da huɗun, awakin gari suka shigo suka yi biki.

Daminar shekarar ta yi kyau, gonar kuma ta ba da abin da ba ta taɓa bayarwa ba. Da aka yi girbi, Baba ya zauna ya zaɓi zangarniyoyi mafi tsawo, irin waɗanda ake ajiyewa don iri, ya ɗaura dami wanda sai da mutum biyu suka ɗora wa jaki. Na ce masa ko ba komai ya zaɓi na banza mana. Ya ce abin kunya ne. Na bi shi ne kawai don kada ya tafi shi kaɗai.

Muna karyo kwana na hango ƙofar gidan gabas cike da mutane. An shimfiɗa tabarmi, maigari yana zaune, liman yana zaune, ga faranti cike da goro a tsakiya. Da na ga goron nan na san ba banza ba. Alhaji ya taso da sauri ya kama wa Baba aka sauke damin, ya juya ga jama'a ya ɗaga murya.

"Jama'a ku sheda. Ga Baba ya kawo damin gaisuwa na gonarmu ta yamma. Mun amsa, mun gode."

Aka raba goro, har da mu aka miƙo wa. Baba ya karɓa ya sa a aljihu. Ashe a gidan gabas an san yadda ake kiran shaidu, ranar da ake so.

Bayan mako guda ɗan aike ya zo daga wurin Alhaji. Ya ce gidan gabas suna gaisuwa, suna godiya da yadda aka riƙe musu amana, amma iyali sun yi yawa, suna bukatar gonarsu bana. Babu wanda zai ce sun karya al'ada. Mai gona yana da ikon karɓar aronsa in an kwashe amfani, kuma Baba da kansa ya kai dami da rana a gaban maigari da liman. Sulhun nan dama tarko ne. Itatuwa ne da shekaru takwas na rashin dami suka tsaya musu a wuya, sai suka sa Baba ya kawar musu da duka biyun da hannunsa. An yi mana sakiyar da ba ruwa. Don kada a ce ba su da tausayi, suka ce ga wani wuri can arewa da gari in yana so. Na je na gani. Fako ne, ja wur.

Baba ya karɓa. Ya haura sittin a lokacin, gwiwarsa ɗaya tana ciwo, amma ya tumɓuke turakunsa ya kai can ya kafa. Ni kuwa na daina gaida kowa a garin. In na shigo, daga babur sai zauren gidanmu. Aka ce boko ya lalata ni, aka ce ina da girman kai, wani ma ya zo yana ba ni haƙuri wai mai haƙuri yakan dafa dutse. Na ce masa mu mun dafa, har ya nuna, wasu suka sha romon.

Da bazara Alhaji ya ɗauko hayar tarakta daga Kebbe. Direban bai san gonar ba, Alhaji ma bai san ta ba. Suka ga layukan gamba da jerin duwatsu suna tare wa tarakta hanya, sai ya sa aka tumɓuke gambar aka tara duwatsun a gefe. Direba ya yi huɗa daga sama zuwa ƙasa, bin gangare, don haka ya fi masa sauƙi. Da labari ya iso ni a Tambuwal na yi dariya har na dafa bango. Zan faɗi gaskiya, na roƙi Allah ya kawo ruwa mai ƙarfi. A kan sallaya na roƙa, ba sau ɗaya ba.

Ruwan ya zo wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya yi ta zuba har magariba. Asabar da sassafe na tayar da babur, ina zamewa a laka, ban ko biya ta gida ba na wuce yamma da gari. So nake in gani da idona. Na kuwa gani. Ruwa ya bi huɗar nan ya haɗu a tsakiya, ya tsaga gonar tun daga sama har ƙasa, rami ya kai ƙugun mutum. Baƙar ƙasar da kakana da ubana suka tara ta tafi tafki, jar ta ƙasa ta fito fili. Na tsaya a kan babur ina jin daɗi, irin daɗin da ke da ɗaci a maƙogwaro.

Sai na ga hula tana motsi a cikin ramin.

Baba ne. Ya naɗe wando har cinya, laka ta kai masa gwiwa, yana jera duwatsu a gicciyen ramin. A gefe ga jakinmu da mangala cike da saiwar gamba, wadda na san daga bakin sabon fakonsa ya tono ta. Babu wanda ya aike shi. Alhaji yana Kebbe, ƙila ma bai san an yi ruwa ba.

Na diro daga babur na tsaya a bakin ramin. "Baba, me kake yi a nan?"

Bai ɗago ba. "In ba a tare shi yau ba, ruwa na biyu ya gama da ita."

"To ya gama da ita mana! Taka ce? Sun ƙaryata ka a gaban gari, sun sa ka sare itacenka, sun kore ka, yanzu kuma ka zo kana yi musu bauta kyauta? Bari ta tafi tafki duka, su noma dutse!"

Ina ihu har masu zuwa ɗiban ruwa suka fara rage tafiya suna kallo. Baba ya daidaita dutsen da ke hannunsa, ya danna shi da ƙafa, sannan ya miƙe da ƙyar yana dafe da gwiwa. Ya dube ni, fuskarsa duk laka.

"Su sunka yi man laifi, Malam. Ita mi ta yi man?" Ya nuna bayana da haɓa. "Miƙo man dutsen can."

Dutsen yana kusa da ƙafata, bai fi in sunkuya ba. Ban sunkuya ba. A duk wannan labari shi ne abu guda da nake jin kunyarsa, kuma shi ma garin nake ɗora wa, don su suka mai da ni haka. Baba ya bar hannunsa a miƙe na ɗan lokaci. Da ya ga ba zan motsa ba, sai ya dafa bakin ramin, ya ja gwiwar nan mai ciwo ya fito, ya zagaye ni ya ɗauki dutsen da kansa, ya koma ciki. Ni kuma na tayar da babur.